Ƙwarangwal Mutum Biyu Take Ɗauka

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
Ranar Alhamis

Assalamu alaikum, Abba.

Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Rabi, gaisuwar da ta fi wadda bakina zai iya yi muku gobe a ƙofar gida. Allah ya tashe ku lafiya, ya kai ku inda aka tura ka aiki lafiya, ya haɗa ku da mutanen kirki, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Amin.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ɗakinsa ke kallon naka. Ai ka san halina. Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka sa maka, shi ya sa tun kana goye ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma iya zaunar da kai mu yi doguwar magana ido da ido ba. Duk hirar da muka taɓa yi da kai a ƙarƙashin mota muka yi ta, ni ina cewa miƙo sifana, kai kana cewa ga ta. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Na ba mahaifiyarka wannan ta miƙa maka bayan la'asar, ka karanta ta yau, kada ka bari sai kun isa.

Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni tun ranar da aka ce an tura ka malamin gona can ƙauyukan bayan fadama, inda lori ba ta shiga da damina. Da motar nan da muka haɗa da hannunmu za ka tafi, kuma mutum biyu take ɗauka da ƙaramin akwati, babu ƙari. Kai kuwa ka gaji bakina, bakin da bai iya ce wa mutum a'a ba. A can kai kaɗai ne za ka zama mai mota, kowa zai ɗaga maka hannu. Tsorona shi ne kunya ta sa ka ɗora mata abin da zai kifar da kai da 'yar mutane. Ba wa'azi zan yi maka ba, ni ba malami ba ne, mai walda ne. Shirmen da na tafka a aikin motar nan zan tuna maka. Kusan duka a gabanka na yi shi, sai dai a lokacin ƙarfe kake kallo, ba ka ga abin da ke tura ni ba.

Ka tuna lokacin da kake makarantar koyon aikin gona, ka zo hutu da shafin wata tsohuwar mujalla a aljihu? Hoton wata mota ne babu ƙofa babu rufi, tana tsallake tudun yashi. Ka ce irinta ce ta dace da malamin gona, don babur ba ya ɗaukar akwatin iri da kayan feshi, babbar mota kuma da ta ga laka sai ta zauna. Na yi dariya na ce Turawa ma in sun ƙoshi ba su rasa abin yi. Ka ce ai da kunkuru ake yin ta, ƙananan motocin nan masu doro da inji a baya. Ga kuma kunkurun Baffanka Tanimu, yayana, ta shekara da shekaru a kan duwatsu a kangon bayan gida, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da muka je masa da maganar ko gardama bai yi ba. Ya ce mu ɗauka kyauta, gara ta ƙarasa a hannun ɗa da ta ruɓe a hannun kaji. Na yi godiya har da durƙusawa, ban san kyautar nan ce za ta ɗaure mini baki daga baya ba.

Tun ranar farko ka gaya mini sirrin abin. Injin kunkuru ƙarami ne, ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, duk ƙarfin irin wannan mota a rashin nauyinta yake. Duk abin da ba ya tafiyar da ita, a cire shi. Muka kwance notuna, muka kira samarin unguwa suka ɗaga gangar jikin gaba ɗaya suka jingine ta da katanga. Abin da ya rage shimfiɗar ƙarfen ƙasa ce, da taya huɗu, da inji, da giya, da sitiyari a tsaye shi kaɗai. A ranar yaran unguwa suka raɗa mata Ƙwarangwal, ka yi ta fama ka canza sunan, har kai ma ka gaji ka bi su.

Shirmena na farko a wajen yanka na yi shi. Ka ce sai an rage tsawon shimfiɗar, a cire wani yanki a tsakiya a sake haɗewa, don ta iya juyawa a matsattsiyar hanya, cikinta kuma ya daina dukan tudu. Ka kawo zare da alli da ma'auni, ka durƙusa kana awo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ranar kuwa kangon ya cika da 'yan kallo, Baffanka yana zaune a kan kifaffen turmi yana cin goro. Ya ce shi dai bai taɓa ganin tsohon mai walda ya tsaya jiran yaro ya gama wasa da zare ba, ai idon gwani ya fi ma'auni. Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ta hau mini kai, na ce ka matsa, na kunna wuta na yanke da ido. Ka san abin da ya biyo baya. Da muka haɗe muka tura ta, sai ta riƙa tafiya a karkace kamar karen da ke gudu da gefe, gaba na kallon gabas, baya na neman kudu. Dole muka sake yankewa, muka yi asarar ƙarfe da iskar walda a lokacin da komai ya yi tsada, kuma wannan karon da zarenka muka yi. Cikin waɗanda suka zuga ni babu ko ɗaya da ya dawo ya riƙe mana ƙarfe.

Don haka in aiki yana hannunka, jama'a kuma sun zagaye ka, ka yi awonka ko da za su ce kana da nawa. A gona ma za ka tarar da haka. Za a ce maka ai mu da ido muka saba zuba maganin ƙwari, kuma wanda zai faɗa ya haife ka. Ka gaishe shi da kyau, ka ɗauko ma'auninka.

Shirme na biyu da sallama ya shigo, a hankali. Mun gama ta yadda kake so. Kujera biyu, da baka ta bututu mai kauri a bayan kai don kariya in ta kife, manyan tayoyi a baya, ƙanana a gaba. Mutum biyu suna iya ɗaga gabanta su juya ta a wuri ɗaya. Sai hutunka ya ƙare ka koma makaranta, ka bar ni da ita da mutanen gida. Baffanka ne ya fara. Ya ce mota babu inuwa ai wulaƙanci ce, dattijo ba zai zauna rana tana dukan rawaninsa ba. Mai kyauta ya yi magana, kuma yaya ne, ina ni ina musu? Na yi mata rumfa da kwanon rufi da bututun famfo. Mahaifiyarka ta leƙo ta ce tunda an yi rumfa, a sa ɗan benci a baya mana, ko gidan suna a riƙa kai su Tudun Jukun. Na yanko ƙarfen tsohon gado na ɗora benci a saman injin. Wani maƙwabci ya ce rumfar nan da an kewaye samanta da ƙarfe da ta ɗauki buhu. Na kewaye. Wani ya ce a sa matakala saboda mata da tsofaffi. Na sa. Kowace buƙata in ka ɗauke ta ita kaɗai ƙarama ce, mai yin ta kuma mutumin kirki ne da muke sallah a sahu ɗaya. Ban taɓa zama na haɗa su wuri guda na auna ba.

Da ka dawo hutu ka gan ta, ka zagaya ta hannunka a baya. Daga bisani ka ce, kanka a sunkuye, wai Baba ai ta koma motar haya. Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce, sai na ce maka abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban hango komai ba, Abba. Karin magana kawai na ɗauko na toshe maka baki da ita. In wata rana wanda ke ƙasa da kai ya gaya maka gaskiya a kan aiki, kada ka jefe shi da karin magana. Kuma in ana zuwa maka da ƙananan buƙatu ɗaya bayan ɗaya, ka riƙa tsayawa kana duba abin da suka zama in an tara su.

Na uku shi ne mafi muni. Wata Asabar ce a farkon damina, ƙasa ta sha ruwa, muka ce bari mu gwada ta a hanyar dutsen Kufena. Ni ke tuƙi, Baffanka a kujerar gefe, kai a benci. Tun daga nan mun wuce ƙa'ida. Ba mu yi nisa da ganuwa ba muka tarar da Malam Dauda, manomin nan na ƙauyen bayan dutse da ke kawo mini garma da fartanya gyara. Yana zaune a gefen hanya da buhun taki biyu, jakin da zai ɗaukar masa bai zo ba. Ya ɗaga hannu, ya ce don Allah a rage masa hanya, nan da gindin dutse ne kawai. Baffanka ya ce ai ba a wuce mutum da kaya. Na tsaya. Muka ɗora buhunan a kan rumfa, Malam Dauda ya zauna kusa da kai. Ina ji a jikina lokacin da bayanta ya nutse, na kuma san abin da hakan ke nufi, shekaruna nawa ina aikin ƙarfe. Ka sunkuyo saitin kunnena ka ce:

"Baba, gabanta ya yi sama. A sauke buhunan, in na kai ku sai in dawo in ɗauka."

Na ce maka ba zan kunyata mutum ba bayan ya riga ya zauna. Na ja mota.

Ba gudu muke yi ba, Allah ne shaida. Da muka fara hawan gangaren, sitiyari ya yi sakayau a hannuna, ina juya shi tayoyin gaba ba sa kama ƙasa. Hanyar ta karkata a daidai inda ruwa ya zaizaye gefe. Na murɗa hagu, mota ta ci gaba da tafiyarta miƙe, buhunan da ke sama suka rinjaye ta, ta kwanta a cikin kwazazzabo a hankali kamar saniyar da ta gaji. Baffanka ya faɗa cikin laka, rawani ya warware, ko ƙwarzane bai yi ba, sai salati yake yi da ƙarfi. Kai ka fashe a goshi, tabon yana nan har yau a ƙarƙashin hularka. Ni haƙarƙarina ne ya bugu. Malam Dauda kuwa, da yake bencin nan nawa ba shi da abin riƙewa, kuma yana bayan bakar kariya, hannunsa na dama ya shiga ƙarƙashin rumfar da na yi don a ji daɗi, ya karye.

Manomi ne, farkon damina ne, hannun dama ne. Muka kai shi wajen maɗori, aka ɗaure hannun da karare, aka ce ya manta da fartanya sai bayan kaka. Ka tuna yadda muka riƙa zuwa ni da kai muna yi masa noma duk ƙarshen mako, hannuna da ya saba da wuta ya yi ta kumburi da ƙotar fartanya, matarsa tana kawo mana fura tana ɓoye dariyar irin noman mutanen birni. Duk da haka rabin gonar ciyawa ta cinye. Wata rana muna hutawa a gindin ɗorawa, hannunsa rataye a wuya, ya dube ni yana murmushi ya ce:

"Malam Sule, da ka ce mini babu wuri, da na ji haushinka daga nan zuwa la'asar. Yanzu ga shi zan ji hannun nan har ƙarshen raina."

Ba da zafi ya faɗa ba, bai taɓa riƙe ni a zuciya ba. Har yanzu yana kawo mini gyara, yana tsokanata wai ya gode, na ba shi hannun da ke gaya masa zuwan hadari tun kafin a gan shi. Amma ni na ji maganar inda ya kamata in ji ta. Wanda na ji nauyin hana shi, shi ne ya karye. A da na ɗauka tausayinsa na ji ranar. Da na zauna na bincika raina sai na ga kaina na tausaya wa, ban so a ce Sule ya yi mota ya fara wuce mutane ba. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to ban da wannan. Ka gaji hannuna in kana so, ka gaji haƙurina da ƙarfe, wannan kam ka bar mini kayana.

Sauran ka sani. Muka yanke rumfar, muka cire matakala, muka kwance benci, muka sa bel na ɗaure jiki a kujerun biyu, ta koma Ƙwarangwal ɗinta ta asali. Ranar da muka sake kai ta Kufena mu biyu, kai ke tuƙi, ta haye gangaren nan kamar akuya, ta ratsa laka ba ta ko yi tari ba. Baffanka ya yi fushi da aka cire masa inuwa. Ya yi kamar wata guda yana amsa gaisuwata da hanci, ya ce an mai da shi bare a motarsa. Sai wata Juma'a ya aiko a ce maka ka zo ka kai shi masallaci, ya hau kujerar gefe da laimarsa a hannu, ya dawo yana ba mutane labari kamar shi ya ƙera ta. Fushin da na yi shekaru ina gudu ke nan, ashe iyakarsa wata ɗaya da laima.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya da ake ɗora kayanku a lorin da za ta riga ku tafiya, na ga wata tabarma a naɗe tsakanin katifa da buhun gero, ta yi nauyin da tabarma ba ta yi. Na buɗe, sai ga bencin nan. Na tambayi mahaifiyarka, ta ce ka ce mata wai ko da za a buƙata. Na san wannan magana, Abba, tawa ce, da ita na yi rumfa. Na sauke shi ban gaya maka ba. Yanzu haka yana madafa, mahaifiyarka ta jera tukwane a kai, ta ce bai taɓa yin amfani irin na yau ba. Da safe kuma da kuka tafi sallama gidan su Rabi, na toshe ramukan notin bencin a jikin motar da walda, in ka duba bayan kujeru za ka ga sabon fenti. Kada ka ji haushi. Amma ban ruɗi kaina ba, na san wanda ke son ɗaukar mutane katako da igiya ma sun ishe shi. Abin da ke cikin ranka walda ba ta kai can, shi ya sa nake rubutu.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce kai baƙo ne a can, aikinka da jama'a ne, in suka ce malamin gona mai girman kai ne ba za su saurare ka ba. Gaskiya ne. Ban ce ka riƙa wuce mutane kana watsa musu laka ba. Hanawa ma tana da ladabinta, ni ne dai ban koye shi da wuri ba. In an ɗaga maka hannu kuma kujerar gefe da mutum, ka tsaya, ka kashe inji, ka sauko. Kada ka hana mutum kana zaune a sama yana tsaye a ƙasa. Ka gaishe shi, in babba ne ka rusuna, ka gaya masa gaskiya cewa motar nan mutum biyu take ɗauka, ta taɓa karya mutum a kan haka. Ka ba da labarina in ya kama, na yafe maka, ka ce ubanka ne ya yi. Sannan ka ba shi abin da za ka iya. Ka ce zan kai in dawo. Ka ɗauki kayansa in ƙanana ne ya taho a sake. In tsoho ne ƙwarai kuma abokin tafiyarka mai ƙafa ne, ku yi musanya. Sawu biyu mai zai ci, na san kuma wahalar da ake sha kafin a samu mai yanzu, amma sannu ba ta hana zuwa.

Waɗanda za su fi ba ka wuya ba talakawa ba ne, su da ka yi musu bayani sun gane. Mai unguwa ne zai ce ka kai shi da ɗan rakiyarsa. Liman ne zai ce shi da ƙanensa, nan da can ne kawai. Wanda ya ba ku ɗakin zama ne, wanda matarsa ke aiko wa Rabi da nono kullum. Duk wanda ya yi maka alheri zai zo, kuma ba da mugun nufi ba. Kuma kowa zai ce maka ba nisa. Ka riƙe a ranka cewa daga inda muka ɗauki Malam Dauda zuwa inda muka kife, mai kira da ƙarfi za a ji shi. In mara lafiya ne ko mace mai naƙuda, wannan dabam. Ka sauke akwati, ka sauke duk wanda ke gefe ko wane ne, ka ɗaure mara lafiyan da bel ka tafi a hankali, 'yan uwansa su biyo a keke. Za su ce dole wani ya riƙe shi, su uku za su so hawa. Nan ne za ka fi buƙatar bakinka.

Batun inji ka fi ni sani, amma bari in faɗa don raina ya kwanta. Iska ce ke sanyaya shi, fanbel ɗin da ke juya fanka ne ransa, na sa maka sabo guda a ƙarƙashin kujera tare da filogi biyu. In ya tsinke kada ka ce bari in ƙarasa, ka tsaya a inda kake. Ka riƙa duba baƙin mai kowace safiya. In za ka shiga yashi ka rage iskar tayoyin baya, in ka fito ka mayar. Rafin da ba ka san zurfinsa ba, ka sauka ka shiga da ƙafa tukuna, wandonka zai bushe. Ka sa Rabi ta ɗaura bel ko za ta ce yana ɓata mata mayafi. Amanar mutane ce a hannunka, iyayenta da suka ba ka ita ba su ce ka gwada ƙarfin waldata da ita ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma a takarda kaɗai zan iya. Lokacin nan da muka yi a kango, ni da kai da ƙarfe, shi ne mafi daɗin abin da na gani a rayuwata. Na haifi yaro ina jin nauyin kallon fuskarsa, sai ga shi mota ta sa mun kwanta kafaɗa da kafaɗa a ƙasa muna neman noti ɗaya. A nan na san irin mutumin da ka zama, mai haƙuri, mai awo, mai faɗin gaskiya da murya ƙasa-ƙasa. Ina ƙaunarka, Abba, ina kuma alfahari da kai. Ɗazu na leƙa kangon na ga inda mai ya ɗiga ya yi baƙi a ƙasa, na tuna daga gobe babu abin da zai tsaya a wurin, na fito da sauri kafin mahaifiyarka ta ga idona.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Gobe da safe za a taru a ƙofar gida a yi muku addu'a. Baffanka zai zo, maƙwabta za su zo, liman zai zo. Rabi za ta hau kujerarta, akwati yana baya, mota ta cika. Na san kaina. In na ji ka tayar da inji ba zan iya tsayawa ba. Zan matso in dafa bakar nan in ce bari in ɗan raɓa a baya ka sauke ni a bakin ƙofar gari, nan da can ne kawai. Ba gwada ka zan yi ba, da gaske zan faɗa, don zan so in ƙara ko taƙi kaɗan tare da kai. Baffanka zai ce ai ba a hana uba. Mutane za su zuba maka ido.

Ka kashe inji ka sauko, ka durƙusa yadda ka saba, ka ce mini a'a a gabansu. Zai yi mini zafi, kai ma zai yi maka, za a yi ta maganar a unguwa kwana biyu. Amma in ka iya hana ni, babu mai unguwa ko limamin da zai gagare ka a can, ni kuma zan iya barci da damina in na ji ana ruwa. In ka ga na juya na shige zaure ban ɗaga muku hannu ba, ba fushi ba ne.

Allah ya yi maka albarka, ya yi wa Rabi albarka. Allah ya daidaita muku hanya, ya riƙe tayoyinku a ƙasa, ya sa mutanen can su so ku don gaskiyarku. Ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya, ku biyu a kujera biyu. Na yafe maka duniya da lahira, har da abin da za ka gaya mini gobe.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule mai walda